Giɗaɗawa: Tarihin Gidan Waziran Sakkwato Daga Giɗaɗo Zuwa Junaidu

1.0 Gabatarwa

Kowace tsohuwar daula tana da gidajen da ba su hau karagar mulki ba, amma mulkin bai tafiya sai da su. A ƙasar Ingila an daɗe da sanin wasu iyalai na karkara masu mallakar manyan filayen noma, waɗanda darajarsu take ƙasa da ta manyan 'yan sarauta, take kuma sama da ta talakawa. Babban ɗa namiji shi ke gadon gida da gonaki gaba ɗaya domin kada dukiyar ta rarrabu, ƙannensa kuwa su shiga soja ko aikin coci ko na lauya. Daga cikinsu ake samun alƙalan karkara da 'yan majalisa, kuma iyali ɗaya yakan shekara ɗaruruwa a ƙauye guda. Ƙarfinsu duka a ƙasar noma yake. Saboda haka, da farashin hatsi ya faɗi a ƙarshen ƙarni na 19, aka kuma ɗora sabon harajin gado a 1894, gidaje da yawa suka sayar da filayensu, sunayensu suka dushe.

A ƙasar Hausa, gidan da ya fi dacewa a kwatanta da waɗancan shi ne na Giɗaɗawa, wato zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, waɗanda suka riƙe wazircin Sakkwato tun daga 1817. Sun ga ƙarfin Daular Usmaniyya da rauninta, sun ga zuwan Turawa da tafiyarsu, sarautar kuma tana hannunsu. Wannan nazari ya bibiyi fitattun mutanen gidan, domin a ga abin da ya riƙe su tsawon shekaru fiye da 200. Abin da tarihin ya nuna shi ne, gadon da ya raya gidan ilimi ne da alƙalami, kuma wannan gado ya zo musu da nauyin da wani lokaci ya fi ƙarfin mai ɗauke da shi.

2.0 Giɗaɗo Ɗan Laima, Tushen Gida

Sunansa na yanka Usmanu, mahaifinsa kuwa Abubakar Sambo Laima. Giɗaɗo laƙabi ne na Fulfulde, ma'anarsa abin ƙauna, kuma daga gare shi ne aka samo sunan zuriyar da na unguwar Giɗaɗawa da ke cikin birnin Sakkwato har yau. Ya tashi cikin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya shaƙu da Muhammadu Bello tun suna samari, ya halarci hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. Tun a wancan lokaci aka san shi da iya manzanci. Lokacin da muhawara ta yi zafi tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno a kan halascin yaƙar Barno, Giɗaɗo yana cikin waɗanda aka aika da wasiƙu zuwa can.

Wazirin Shehu na asali shi ne ƙanensa Abdullahi. A wajajen 1812 Shehu ya raba kula da daula gida biyu: yamma a hannun Abdullahi, wanda ya zauna a Gwandu, gabas kuma a hannun Bello. Ƙasashen da ke bin kogin Kwara, har da ƙasar Dendi inda garuruwan Gaya da Madekali suke, sun faɗa ɓangaren Gwandu. Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi da Adamawa suka faɗa ɓangaren Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, sai Giɗaɗo ya zama wazirinsa, ya kuma riƙe muƙamin shekara 25, har zuwa 1842.

Bature ɗan yawon bincike Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824, ya sake dawowa a 1826, a hannun Giɗaɗo ya sauka. Shi ne mai kula da masaukinsa da abincinsa, shi ne mai kai shi gaban Sarkin Musulmi. A zuwa na biyu, Sakkwato tana cikin yaƙi da Barno, Clapperton kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga El-Kanemi. Bello ya hana a wuce da su, Giɗaɗo ne kuma ya tsaya tsakanin baƙon da mai gida a cikin wannan saɓani. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Wannan ya nuna tun da wuri cewa hulɗa da baƙi daga wajen daula aikin waziri ne, kuma aikin zai dawo wa jikansa da tsanani bayan shekara 76.

Giɗaɗo marubuci ne kuma. Littafinsa Raudul Jinan ya tattara labaran rayuwar Shehu da karamominsa da sunayen mutanen da suka kewaye shi, Al-Kashfu wal-Bayan kuma ya yi irin wannan aiki a kan Bello. Da Aliyu Babba ya hau sarauta a 1842, Giɗaɗo ya ajiye muƙami saboda tsufa, aka naɗa ɗansa Abdulƙadir. Ya rasu a wajajen 1850.

3.0 Nana Asma'u, Uwar Gida

Ba a yin maganar Giɗaɗawa a tsallake Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta auri Giɗaɗo a wajajen 1807, ta rasu a 1864. Wannan aure ne ya mai da zuriyar jikokin Shehu ta ɓangaren uwa. Sarautar Sarkin Musulmi ta 'ya'yan Shehu maza ce da zuriyarsu, don haka Giɗaɗawa ba su da haƙƙin neman karaga. Wannan rashi ya zama musu kariya. Gidan Bello da gidan Atiku sun yi ta takara a kan sarauta, amma babu wanda ya ji tsoron waziri zai ƙwace masa gado. Ga kusanci na jini da ke sa a amince da su, ga kuma shamakin da ke hana a zarge su da kwaɗayin mulki.

Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa. Ga ɗalibin Hausa, tana cikin sahun farko na waɗanda suka mai da Hausa harshen rubutacciyar waƙa ta ilimi. Ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulfulde zuwa Hausa, ta kuma tsara tarihin jihadi a waƙe domin waɗanda ba su jin Larabci. Ita ce ta kafa tsarin 'yantaru, inda take koyar da manyan mata da ake kira jaji, ta ba kowace malfa a matsayin alamar izini, su kuma su koma ƙauyuka su koyar da sauran mata. Yaran da suka tashi a irin wannan gida, uba yana rubuta tarihi uwa tana rubuta waƙa, sun tashi da sanin cewa takarda dukiya ce da ake adanawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

4.0 Aikin Waziri Da Dukiyar Gida

Domin a fahimci ƙarfin gidan, sai an san kalmar ƙofa a ma'anarta ta sarauta. Sarkin wata masarauta ba ya aika saƙo kai tsaye ga Sarkin Musulmi. Akwai wani babba a fadar Sakkwato da saƙon ke bi ta hannunsa, shi ake kira ƙofar wannan masarauta. Waziri shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, musamman Kano da Zazzau. Yakan fita rangadi, ya binciki ƙararraki, ya sasanta rigingimun iyaka, ya karɓi gaisuwar da ake aikawa Sakkwato, ya kuma kai takardar naɗi ga sabon sarki ya naɗa masa rawani. A cikin gida kuwa, shi ke jagorantar masu zaɓen Sarkin Musulmi, a gidansa kuma ake rubuta wasiƙun daula ana adana waɗanda suka shigo.

Irin wannan aiki yana tafe da wadata. Duk gaisuwar da ta bi ta ƙofa, akwai rabon mai ƙofa a ciki, na tufafi da dawaki da wuri da bayi. Kamar sauran manyan gidajen sarauta na wancan zamani, gidan waziri yana da gandaye da rinji inda bayi suke noma, kuma gumin waɗannan bayi yana cikin abin da ya ba malaman gidan sukunin zama su yi karatu. Sai dai akwai bambanci da tsarin Ingila ta fuska biyu. Na farko, a shari'ar da daula ta bi, ƙasar da aka ci da yaƙi ta al'umma ce a ƙarƙashin kulawar shugaba, mai sarauta yana cin moriyarta ne gwargwadon muƙaminsa. Na biyu, gadon Musulunci yana raba dukiya tsakanin magada, ba ya tattara ta a hannun ɗan fari. Don haka dukiyar kowane waziri takan watsu bayan rasuwarsa. Abin da ba ya watsuwa shi ne muƙami da ɗakin littattafai, kuma muƙamin bai zama tilas ya je ga ɗan fari ba. Yakan je ga ɗa, ko ƙane, ko ɗan ɗan'uwa, gwargwadon wanda aka ga ya fi cancanta a cikin zuriyar.

5.0 Daga Abdulƙadir Zuwa Abdullahi Bayero

Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo ya yi wazirci daga 1842 zuwa 1859, wato tsawon mulkin Aliyu Babba. Malami ne kamar mahaifinsa, yana da littafin tarihi mai suna Anisul Mufid. A zamaninsa ne aka gwada iyakar ikon waziri sau biyu, sakamakon kuma ya bambanta. A Zazzau, a shekarun 1850, Sarki Sidi Abdulƙadir ya yi taurin kai ga wakilcin Sakkwato, aka tuɓe shi, masarautar kuma ta karɓi hukuncin. A Haɗeja kuwa, da aka tuɓe Sarki Buhari aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, Buhari ya dawo da ƙarfin yaƙi ya ƙwace garin, ya kuma ci gaba da bijire wa Sakkwato har rasuwarsa a 1863. Darasin a bayyane yake: Sakkwato ba ta da rundunar dindindin da za ta tilasta wa masarautu biyayya. Ikon waziri ya dogara ne ga girman da ake ba takardar Sarkin Musulmi, kuma ranar da wani sarki mai ƙarfi ya ƙi ganin wannan girma, waziri ba shi da abin yi sai lallashi.

Bayan Abdulƙadir, ɗansa Ibrahim Halilu ya riƙe muƙamin daga 1859 zuwa 1874, sa'annan ya koma ga baffansa Abdullahi Bayero ɗan Giɗaɗo har zuwa 1886. A cikin waɗannan shekaru 27 an yi Sarakunan Musulmi shida, wasunsu ba su daɗe ba saboda sun hau da tsufa. Waziri ne ya zama igiyar da ke haɗa zamani da zamani. Sarki yakan zo ya tarar da waziri ya riga shi sanin sarakunan gabas da halayensu da alƙawuran da aka yi musu.

6.0 Waziri Buhari Da Jarrabawa Biyu

Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo ya zama waziri a 1886, kuma babu wanda ya sha wahalar muƙamin kamarsa a duk tarihin gidan.

Jarrabawa ta farko ita ce yaƙin basasar Kano. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba da umarni a naɗa ɗansa Tukur, wanda ya nuna jarumta a yaƙin Argungu. Mafi yawan masu faɗa a ji a Kano kuwa suna bayan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi. Buhari yana Kano a lokacin, ya san inda zukatan mutane suka karkata, amma ya zartar da umarnin ubangidansa ya naɗa Tukur. Yusufawa suka fice zuwa Takai, yaƙi ya ɓarke. Yusufu ya rasu ana cikin gwagwarmaya, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Daga ƙarshe dole Sakkwato ta amince da sarkin da ba ita ta zaɓa ba, kuma Buhari, wanda ya naɗa wanda aka kayar, shi ne ya sake ɗinke zumunci da wanda ya yi nasara.

Ana cikin haka Turawa suna ta rabon ƙasar a kan takarda. Ingila ta kafa hujja da yarjejeniyar da kamfaninta na kogin Kwara ya ce ya ƙulla da Sakkwato da Gwandu a 1885, Faransa kuma tana turo nata manzannin. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 1898 ta ja layi a kan kogin Kwara, ta bar Illo a hannun Ingila, Gaya da Madekali a hannun Faransa. Wannan layi shi ne asalin iyakar da ta raba Nijeriya da Nijar da Benin a yankin Malanbil a yau, kuma an ja shi ba tare da shawarar Sakkwato ko Gwandu ba.

Jarrabawa ta biyu ta zo a 1903. Kano ta faɗi a watan Fabrairu. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya a bayan ganuwar Sakkwato, bindigogi masu aman wuta suka watsa rundunar Musulmi cikin ɗan lokaci. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Buhari kuwa ya ja da baya tare da tarin mutane, ya nemi fatawar malamai a kan abin da ya kamata. Tambayar mai nauyi ce, domin daular kanta a kan hijira aka gina ta, kuma Shehu ya yi rubutu mai ƙarfi a kan wajabcin barin ƙasar da kafirai ke mulki. Malaman suka ba da hukunci cewa ya halatta a yi sulhu na zahiri da mai rinjaye idan ana tsoron halaka, muddin bai hana salla da sauran shika-shikan addini ba, zuciya kuma ba ta miƙa masa wuya ba. Buhari ya komo birni, aka naɗa Attahiru na biyu ranar 21 ga Maris a gaban Lugga.

Hankalinsa bai kwanta ba. Ya sake neman ra'ayin Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, daga baya kuma ya rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi, yana bayyana dalilansa da irin damuwar da ya shiga. Har yanzu masana suna saɓani a kan matakin nasa. Masu suka suna ganin ya buɗe wa mulkin mallaka ƙofa ya ba shi rigar halasci. Masu kare shi suna cewa da kowa ya yi hijira, da tsofaffi da mata da yara sun zama marasa jagora, da kuma kotunan shari'a da makarantu sun rushe. Abin lura shi ne, bai bar hukuncin a bakin mutane kawai ba. Ya rubuta shi ya ajiye domin na baya su auna shi, kamar yadda kakansa ya rubuta labarin Shehu. Wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidansa a 1903 ma sun zama littafi, wanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927. Buhari ya ci gaba da wazirci har rasuwarsa a 1910.

7.0 Waziri Junaidu

Mulkin mallaka ya yanke wa gidan manyan jijiyoyinsa na arziki. Masarautun gabas suka koma ƙarƙashin Razdan-Razdan, gaisuwar shekara ta tsaya, dokar Turawa ta 'yantar da duk wanda aka haifa daga 1901, waziri kuma ya zama ma'aikacin En'e mai karɓar albashi. Irin wannan girgiza ce ta rushe gidajen masu filaye a Ingila. Giɗaɗawa kuwa sun tsaya. Ƙanen Buhari, Sambo, ya gaje shi, daga cikin waɗanda suka biyo baya kuma har da 'ya'yan Buhari uku: Abdulƙadir Macciɗo da Abbas da Junaidu.

An haifi Junaidu a 1906, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu. Bai yi karatun boko ba, a zaure ya yi karatunsa har ya zama gwani a Larabci da fiƙihu da tarihi. Ya koyar a makarantun Sakkwato kafin a naɗa shi waziri a 1948, ya kuma riƙe muƙamin shekara 49, mafi yawansu tare da Sarkin Musulmi Abubakar na uku, har rasuwarsa a watan Janairu na 1997. Ya yi rubuce-rubuce da waƙoƙi da Larabci da Fulfulde da Hausa. Littafinsa Tarihin Fulani yana cikin littattafan tarihi na Hausa da ɗalibai suka daɗe suna karantawa. A 1971 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, a jawabinsa kuma ya ja hankalin jami'o'i a kan nisan da ke tsakaninsu da al'ummar da suke cikinta.

Babban aikinsa shi ne buɗe taskar gidan ga masu bincike. Murray Last, wanda littafinsa a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, a wurin Junaidu ya zauna ya karanta takardun wazirai. Jean Boyd ma a wurinsa ta sami rubuce-rubucen Nana Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Da haka tattaɓa-kunnen Asma'u ya zama sanadin da duniya ta san ta. Cibiyar adana tarihi da al'adu ta jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi. Bayansa sarautar ta ci gaba a gidan, har ta kai ga Farfesa Sambo Wali Junaidu, masanin adabin Larabci.

8.0 Kammalawa

Tarihin Giɗaɗawa ya nuna cewa gida yakan daɗe gwargwadon irin abin da yake gadarwa. Gandaye da bayi da rabon gaisuwa sun tafi da zamaninsu, amma iya karatu da rubutu da sanin sirrin daula sun kasance abin buƙata ga Bello da Lugga da Sardauna baki ɗaya. Wannan ne ya sa kowace gwamnati ta nemi waziri, shi ne kuma ya jefa Buhari cikin tsaka mai wuya a 1893 da 1903.

Akwai kuma abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Kaso mai yawa na abin da aka sani game da Shehu da Bello da mulkin daula ya biyo ta hannun wannan gida guda, daga Raudul Jinan zuwa Tarihin Fulani. Amana ce da suka riƙe da kyau, amma ganin fada ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai son cikakken hoto sai ya haɗa da abin da Kabawan Argungu da Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi da mutanen Dendi suka adana a waƙoƙinsu da labaransu na baka, domin su ma sun ga wannan zamani, daga ɗaya gefen ganuwa.